Gaisuwa a Gangaren Kamfani

Tudun Ƙirya, ta Kurfi
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Yazid,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya mutanen Dutsin-Ma? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ciwon ƙafarta ya yi sauƙi. An fara cirar wake, Baffa Lado kullum yana gona.

Tunda aka yanke layin waya ba mu ji muryarka ba, shi ya sa na yago takarda daga littafina zan ba Mamuda direba ya kawo maka. Ka san ni ko da wayar tana nan ba iya magana nake yi ba.

Keken ya iso. Na gode, Allah ya saka da alheri. Na san da shi kake zuwa shagon kwafi, yanzu kuma da ƙafa kake tafiya saboda ni. Mai faci ya sauke mani sirdi, ƙafata tana kai feda sosai. Tunda na fara hawa ban ƙara makara ba, maigadin makaranta har ya daina harara ta.

Ta tsohuwar hanyar kamfani nake bi, wadda ta ratsa gandun daji, don hanyar kwalta ta yi zagaye da yawa. Ka san ta, amma da ƙafa ka san ta. A kan keke daban take. Duk tsakuwar da masu fasa dutse suka bari ruwan bana ya kwaso ya zube a kan hanya, taya tana nutsewa kamar a yashi. In na wuce tsohon injin nan da ya yi tsatsa sai gangare, ga ramin da suka haƙa a hagu cike da koren ruwa, daga nan kuma sai hawa. Kwanakin farko turawa nake yi. Yanzu na gano dabarar. Ina ɗaure hijabina a ƙugu don kada sarƙa ta kama, in saki keken tun daga sama, gudun ya ɗauke ni har rabin hawan, sauran in ƙarasa da ƙarfi. A wurin nan ba na tsayawa, ko wa na gani.

Gandun da safe yana da daɗi. Tunda aka hana saran itace ƙirya da marke sun rufe wurin, jiya har zabin daji suka tashi a gabana.

Ka gaishe da maigidanka.

Ƙanwarka,
Batula

*

Dutsin-Ma
Ranar Laraba

Batula,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, a gaishe da Inna.

Takardarki ta zo rana ɗaya da saƙon Baffa Lado. Ya aiko Mamuda ya gaya mani cewa kullum kina wuce shi a hanya a kan keke kamar kin ga kututture. Ba sauka, ba rusunawa. Da farko ban yarda ba, na ce ba Batular da na sani ba. Sai na buɗe takardarki na ga da hannunki kin rubuta ba ki tsayawa ko wa kika gani. Har da alfahari.

Ke ko kunya ba ki ji ba? Mutumin da tun rasuwar Baba shi ke tsaye a kanmu, hatsin da kuke ci daga rumbunsa yake fitowa. Lokacin da aka ce karatunki ya tsaya a firamare, ni na durƙusa gabansa na roƙa, ni na ce zan ba da keke. Yanzu a gari me za a ce? Yazid ya ɗora yarinya a kan keke ta daina ganin manya.

Ni da nake namiji, ban taɓa wuce babba a kan keke ba. Duk inda kika ga Baffa, ki ja birki, ki sauka, ki durƙusa ki gaishe shi. Ko a tsakiyar ruwa ne. In na ƙara jin wannan magana keken zai dawo inda ya fito.

Yayanki,
Yazid

*

Tudun Ƙirya
Ranar Asabar

Yaya Yazid,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta amsa gaisuwarka.

Na karanta takardarka a bayan ɗaki don kada Inna ta ga fuskata. Ba abin da nake nufi ka karanta ba. Ban ce ba na ganin manya ba. Na ce a gangaren kamfani ba na tsayawa, kuma ba don raini ba ne.

Gonar Baffa tana ƙetaren gandu, lokacin fitarmu ɗaya ne. Ban taɓa cim masa a fili ba, kullum sai a gangaren, shi da jakinsa. Ina gaishe shi, wallahi ina gaishe shi. Ina cewa Baffa ina kwana. Amma ka san muryata, ga ƙarar tsakuwa, kafin ya waiwayo na wuce. Da yamma kuma ina zuwa har ƙofar gidansa in durƙusa, sai ya ce "lafiya" ya juya kai. Ban san abin da ke ransa ba sai da takardarka ta zo. Da ya kira ni ya tambaya, ko da yake ban san ko bakina zai buɗe ba.

Birki a wurin nan ba ya tsayar da keke, jan sa yake yi gefe. In kuma na sauka tun daga sama na turo, to hawan ma turawa zan yi, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin silifa, in isa an rufe ƙofa. Wanda ya makara tsallen kwaɗo yake yi a gaban kowa. In fita da wuri kuma Inna ta hana, ta ce a wannan zamani ba mai shiga gandu sai rana ta fito mutane sun fara wucewa.

Ka ce ba ka taɓa wuce babba a kan keke ba. A kwaltar Dutsin-Ma kake hawa, Yaya.

Amma kekenka ne, kuma kai ne babba. Zan sauka.

Batula

*

Dutsin-Ma
Ranar Juma'a

Batula,

Bayan gaisuwa. Ina fata Inna tana lafiya.

Na yi maki faɗa kin rubuto mani darasin hawan keke. "A kwaltar Dutsin-Ma kake hawa." Ni kike gaya wa haka? Na haɗiye, na ce yarinta ce, za ki rubuto ki ba da haƙuri. Kasuwa ta ci ta sake ci, Mamuda yana zuwa hannu wofi.

Jiya na tsare shi na tambaya. Ya ce duk zuwan da ya yi keken yana jingine a zaure, har kaji sun fara kwana a kai. Ya ce ya yi sallama, Inna ta amsa daga ciki ta ce kowa lafiya lau. To na gane. Wato tunda aka ce ki sauka ki gaida Baffa, kin zaɓi ki bar makarantar gaba ɗaya. Fushi kike yi da ni. Ni nake taka ƙasa safe da yamma daga Hayin Gada zuwa bakin jami'a, takalmina ya cinye, don keke ya zama wurin kwanan kaji.

Na gaya wa Mamuda ya ɗauko shi ya ɗora a mota. Ranar da kika koyi magana da na gaba da ke, sai mu sake zama.

Yazid

*

Tudun Ƙirya
Ranar Talata

Yaya Yazid,

Assalamu alaikum. Za ka ga rubutuna ya karkace. Yau ne na fara iya riƙe biro.

Ba zan ce muna lafiya ba, don Inna ta riga ta faɗa a madadina kuma ga abin da ya jawo.

Na ce maka zan sauka, kuma na sauka. Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan takardata na fito kamar kullum. Na wuce tsohon inji, na leƙa gangaren ban ga kowa ba, na saki keke. Ashe Baffa yana bayan tulin tsakuwar nan da ke kwanar hanya, jakinsa ya tsaya cin ciyawa. Sai da na zo tsakiya na gan shi. Maganarka ce ta zo mani, ko a tsakiyar ruwa ne. Na ja birki duka biyu.

Tayar baya ta zame, keken ya juya, ban san lokacin da na bar sirdi ba. Na dafa ƙasa da hannun dama na ji ya yi ƙara. Tsakuwa ta ja ni a kan gwiwa har bakin ramin. Wani ɗan marke ne ya tare ni, ina kwance ina kallon koren ruwan a ƙasa, littattafaina biyu suna yawo a kai. Ka san an ce ramin nan ya fi tsawon rimi zurfi, kuma ka san ban iya ruwa ba.

Ka san me na fara cewa da Baffa ya iso kaina? Na ce Baffa ina kwana. Ina kwance, baki duk ƙasa. To na gaishe shi, Yaya. Saƙonka ya cika.

Baffa ne ya ɗora ni a kan jaki ya turo keken da kansa har gida. Duk hanya yana ta cewa "sannu, sannu." Ya kira mai ɗori, aka ce wuyan hannu ne ya goce, aka ja aka ɗaure da karare. Gwiwa kuma mai kemis ya yi ta cire tsakuwa da wani ɗan ƙarfe ina cizon hijabi. Inna ta ce kada a gaya maka, kana can kai kaɗai hankalinka zai tashi. Baffa ma bai aika ba, ban san dalilinsa ba, amma kullum da yamma yana zuwa ƙofar ɗaki ya tsaya ya ce ya jiki, ya ajiye rake ko ƙwai ya tafi.

Ina kwance na ji motar Mamuda. Na ji yana kora kaji, na ji ƙarar sarƙa. Na ce wa Inna me ake yi da kekena, ta ce wai Yazid ya ce a kai masa. Na so in fita in yi magana. Na kai bakin ƙofa na ga maza a zaure, sai na koma. Wannan laifina ne, na sani, kuma na tsani kaina a kansa. Amma kai fa? Ka tambayi direba game da keke, ka tambaye shi game da kaji. Ka ce masa ya ga Batula da idonsa? Ɗan nisan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, mutane suna zuwa su dawo kafin azahar. Yarinyar da kuka taso ɗaki ɗaya ta yi shiru, abin da ya fara zo maka shi ne fushi take yi.

Ka ce in koyi magana da na gaba da ni. Ni tun da nake ban iya magana da kowa ba, shi ya sa kowa yake faɗin abin da ke raina ba tare da ya tambaye ni ba. Baffa ya ce raini ne. Kai ka ce alfahari ne. Inna ta ce lafiyata lau. Ba wanda ya taɓa bin gangaren nan a kan keke a cikinku.

Yanzu ga inda ake. Hawwa'u 'yar ajinmu ta aiko cewa malamar aji tana kiran sunana kullum ba a amsawa, kuma ta ce duk wadda ba ta dawo ba kafin a fara bitar jarrabawa za a cire ta, a ba wata kujerar. Ranar Litinin za a fara bitar. An kwance hannun amma gwiwar ba za ta kai ni Kurfi da ƙafa ba, na gwada jiya, a bakin gandu na zauna. Acaba kuma ka san yadda mai ya yi wuya, ba mai shigowa nan.

Ba roƙonka nake yi ba. Kekenka ne. Amma in an cire ni, kada ka gaya wa mutane wai ni na bar makaranta don fushi. Ka gaya masu kai ka aiko aka ɗauke.

Batula

*

Dutsin-Ma
Ranar Alhamis

Batula,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu. Ya hannun, ya gwiwar?

Na karanta a shago, maigidana ya ce me ya same ni. Me ya sa ba wanda ya gaya mani? Ki ce wa Inna ban ji daɗi ba ko kaɗan. Mamuda ma na yi masa tas, ya ce shi zaure ne iyakarsa, ina zai san abin da ke cikin gida.

Na kai keken an sa sabon roban birki, an gyara kan da ya karkace. Ba zan ba Mamuda ba, sai ranar kasuwa zai shiga wajenku kuma ya yi latti. Ni zan hawo shi ranar Asabar. Wannan takardar ma wani mai zuwa Kurfi zan ba ya kawo maki.

Amma Batula, har yanzu ina ganin da kin rage gudu tun daga sama, a hankali, da kin iya tsayawa ba tare da faɗuwa ba. Hawan keke dabara ne. In na zo zan nuna maki.

Yayanki,
Yazid

*

Tudun Ƙirya
Ranar Laraba

Yaya Yazid,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa lafiya. Ya gwiwar hannunka? Inna ta ce ka riƙa shafa man kaɗanya, kada ka bari ruwa ya shiga.

Da ka zo ka tsaya a ƙofar ɗaki kana kirana, na ji ka. Ba barci nake yi ba kamar yadda Inna ta ce. Na rufe kai da zane ne. Da na fito kuka zan yi, kai kuma ka ɗauka na huce, shi ya sa na bari sai a takarda.

Kai ba ka faɗi abin da ya sami hannun rigarka ba, ka ce ƙaya ce. Baffa ya faɗa. Bayan tafiyarka ya shigo tsakar gida ya zauna a kan turmi, abin da bai saba yi ba, ya ba Inna labari da ƙarfi don in ji daga ɗaki.

Ya ce yana dawowa daga gona da buhun wake a kan jaki, yana ƙasan gangaren, sai ya ji tsakuwa tana zubowa. Ya ɗaga kai ya ga mutum ya taho ƙafafu a warwatse ba a kan feda ba, yana ihu, "Baffa kauce! Baffa kauce!" Jaki ya zabura, buhu ya faɗi ya fashe. Kai kuma ka wuce ka shige cikin sabara.

Inna ta ce, "To ya gaishe ka dai?"

Baffa ya ce, "Gaisuwar ke nan, Baffa kauce. Ita yarinyar ko ba komai ina kwana take cewa."

Inna ta toshe baki da mayafi. Baffa ya ce kun daɗe a durƙushe kuna tsince wake daga cikin tsakuwa, kana ta ba shi haƙuri, ya ce maka bar haƙurin ka tsinci waken.

Daga nan ya kira ni. Na fito na durƙusa. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Ke Batula, daga yau in za ki fita ki biyo ta ƙofar gidana ki gaishe ni, shi ke nan ta ranar ta fita. In kin gan ni a ramin kamfani ba ki san ni ba, ni ma ban san ki ba. Kin ji?" Na ce na ji. Ya ce, "Ɗaga murya, wannan muryar ce ta jawo mana duk wannan." Na sake cewa na ji. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban sa rai ba.

Ranar Litinin na hau. A saman gangaren na tsaya ina kallon marken da ya tare ni. Na daɗe a wurin har wasu mata masu tallan nono suka wuce suna kallona. Sai na ɗaure hijabi na saki. Hannun ya yi zafi a kan tsakuwa kamar za a sake ɗori, hawan kuma ban kai ƙarshe ba, gwiwa ta ƙi, na turo sauran. Na makara. Maigadi ya ga ɗaurin gwiwata ya buɗe mani.

Sunana yana nan. Malama ta ce saura kaɗan a cire ni. Amma kujerata ta gaba an ba wata, ina can baya kusa da taga inda ba a ganin allo sosai. An wuce ni da yawa a lissafi, littafin da na rubuta komai a ciki yana ƙasan ramin kamfani. Ina kwafar na Hawwa'u, hannun yana gajiya bayan shafi ɗaya. Ban san yadda jarrabawar za ta kasance ba. Zan dai zauna in rubuta.

Na gode da roban birki, yana kamawa a fili. Na gode da ka hawo keken da kanka, na san nisan.

Inna ta ce kafin ka tafi ka tambaye ta ko na huce, ta ce maka na huce tuntuni. Wannan ma ita ta faɗa. Ban huce ba, Yaya. In na huce ni zan rubuto maka da hannuna.

Ƙanwarka,
Batula